Shekarar farko ta Curt Cignetti a Indiana: abin da ya faru da abin da ya jawo shi

A watan Disambar 2023 wani ɗan jarida ya tambayi Curt Cignetti, wanda bai cika wata guda da karɓar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Indiana ba, da me zai shawo kan matasa su zo su buga masa wasa. Amsarsa ba ta da tsawo. Ya ce abin mai sauƙi ne, shi cin wasa yake yi, a duba sunansa a Google. Mutane da yawa suka ɗauki maganar cika baki, kuma ba za a ga laifinsu ba. Dattijo ne mai shekara 62 da bai taɓa riƙe babbar ƙungiya ba, ya zo wurin da aka fi ko'ina shan kashi a tarihin wasan, yana magana kamar mai kofuna a sito. Shekara ɗaya bayan haka Indiana ta ci wasa 11, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kafa ƙungiyar, ta kuma shiga cikin ƙungiyoyi 12 da suka yi takarar kofin ƙasa.

Kafin a gane girman wannan, sai an ajiye tunanin wasannin jami'o'i irin namu a gefe. Wanda ya saba da NUGA zai zaci magana ake ta ɗalibai suna motsa jiki bayan laccar yamma. Ba haka abin yake ba. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum fiye da dubu 107, na Ohio State ya haura dubu 100, kuma cika suke yi duk Asabar ɗin da ake wasa. A ƙwallon Amurka babu makarantun renon 'yan wasa irin na ƙungiyoyin tamaula a Turai. Kusan duk yaron da ke son shiga gasar ƙwararru ta NFL sai ya bi ta jami'a, domin doka ba ta barin a ɗauke shi sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Jami'a ce makarantar reno, ita ce kuma gasar da gari da jiha ke mutuwa a kanta. Rukunin Big Ten, inda Indiana take, ya sayar da haƙƙin nuna wasanninsa ga gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC a kan kimanin dala biliyan 7 na tsawon shekara bakwai. Sunan rukunin yana nufin manya goma, amma a 2024 ƙungiyoyi 18 ne a ciki, bayan shigowar USC da UCLA da Oregon da Washington daga gaɓar yamma.

Kakar gajeriya ce. Wasa 12 kacal, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, kusan duk a ranakun Asabar. A gasar Firimiya ƙungiya na iya shan kashi biyar ko shida ta ɗauki kofi. A nan kashi biyu kan isa su rufe maka ƙofa. Babu faɗawa ajin ƙasa, don haka ƙungiya na iya shekara hamsin tana shan duka a rukuni ɗaya, ana biyanta kasonta na kuɗin talabijin, manya suna zuwa suna gyara lissafinsu a kanta. Wannan ita ce rayuwar Indiana kafin zuwan Cignetti.

Wasan kansa, a taƙaice: mutum 11 kowane ɓangare, amma masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugu da ƙafa daban, kowane rukuni da lokacin shigarsa. Masu hari suna da dama huɗu su ci yadi goma, in sun ci a sake ba su huɗu. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki shida ne, bugawa tsakanin sanduna maki uku. Kwatabak shi ne madugu, shi ke karɓar ƙwallo a kowane tashi ya jefa ko ya miƙa. Ƙungiya ɗaya tana da 'yan wasa sama da ɗari, 85 daga ciki suna karatu kyauta a lokacin da muke magana. Saboda haka babban koci ya fi kama da gwamna fiye da mai tsayawa bakin layi yana ihu. Shi ke naɗa mataimaka, shi ke neman yara, shi ke lallashin attajirai tsofaffin ɗalibai su zuba kuɗi, shi ke tsara har lokacin cin abinci.

Indiana gidan ƙwallon kwando ne. Kofin ƙasa biyar gare su a can, na ƙarshe a 1987, kuma nan ne Victor Oladipo da OG Anunoby, dukansu masu jinin Najeriya, suka yi suna kafin su shiga NBA. A ɓangaren ƙwallon Amurka kuwa, ko da yake wuri ne da ya fitar da irin su Adewale Ogunleye, tsohon ɗan wasan NFL, tarihin abin tausayi ne. A watan Oktoban 2022 ta zama ƙungiya ta farko a babban aji da aka doke sau 700. Lokacin da Cignetti ya zo, rabonta da kambun Big Ten tun 1967, shi ma rabawa aka yi da wasu. Rabonta da cin wasan ƙarshen kaka, irin waɗanda ake gayyatar ƙungiyoyin da suka taɓuka abu, tun 1991. Kafin 2024, mafi kyawun abin da ta taɓa yi a kaka guda shi ne nasara tara, a 1945 da 1967. Filinta mai cin mutum dubu 52 da ɗoriya a lokacin yakan cika ne idan Ohio State ko Michigan sun zo da nasu magoya bayan.

Tom Allen, kocin da ya gabata, ya ɗan ba su fata a 2020, shekarar korona, da nasara shida cikin wasa takwas. Daga nan sai gangara: nasara biyu a 2021, huɗu a 2022, uku a 2023. A ƙarshen Nuwamban 2023 aka sallame shi, aka biya shi dala miliyan 15 da rabi don ya tafi. Kwana huɗu bayan haka aka sanar da Cignetti.

Shi wannan mutum hanyarsa ba irin ta kowa ba ce. Ɗan koci ne. Mahaifinsa Frank Cignetti ya riƙe West Virginia a shekarun 1970. Curt ya yi kusan shekara talatin yana mataimaki, har ya shiga tawagar farko da shahararren koci Nick Saban ya haɗa a Alabama a 2007, yana kula da masu cafe ƙwallo da kuma harkar neman sababbin yara. Yana nan aka ci kofin ƙasa na 2009. Mai hankali zai zauna a inuwar Saban ya jira babbar jami'a ta kira shi. Shi kuwa yana da shekara 49 ya tattara ya koma wata ƙaramar makaranta ta aji na biyu a jihar Pennsylvania, IUP, inda mahaifinsa ya taɓa aiki, da ragin albashi, don kawai ya zama shi ne mai gida. Ya yi shekara shida a can, ya ci wasa 53 ya sha kashi 17. Ya je Elon shekara biyu, 14 da 9. Ya je James Madison daga 2019 zuwa 2023, nasara 52 kashi 9, kuma a hannunsa makarantar ta hau babban aji a 2022 ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Shekara goma sha uku yana babban koci, bai taɓa gama kaka kashi ya fi nasara yawa ba. To ka ga maganar Google ba ƙarya ba ce. Abin da ba a sani ba shi ne ko abin da ya yi aiki a ƙananan filaye zai yi a gaban Michigan.

Sai dai da Cignetti ya zo Indiana shekara goma kafin lokacin da ya zo, da wuya labarin ya zama haka, kuma a nan ne gundarin maganar take.

A tsohon tsari, sabon koci gadon gida yake yi da duk abin da ke ciki. Yaran da wanda aka kora ya ɗebo su ne naka, ko sun dace da salonka ko ba su dace ba. Ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba ya buga wasa, alhali kaka huɗu kawai doka ta ba shi cikin shekara biyar, don haka ba kowa ke yarda ya motsa ba. Hanya ɗaya ta gyara ita ce ka je makarantun sakandare ka ɗebo 'yan shekara 18, ka ciyar da su, ka sa su ɗaga ƙarfe, ka jira su girma. Shi ya sa ake cewa a ba sabon koci shekara uku ko huɗu kafin a yi masa hukunci. Kuma a kasuwar 'yan sakandare Indiana ba ta da abin tallatawa. Yaron da Ohio State da Alabama ke zawarci ba zai dubi Bloomington, garin da Jami'ar Indiana take, ba.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari cikin ɗan lokaci. A Oktoban 2018 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ta buɗe rajistar sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa duk wani koci ya gani ya kira shi. A Afrilun 2021 aka cire dokar zaman shekara guda ga wanda ya sauya karo na farko, sannan a 2024, bayan kotu ta matsa lamba, aka cire ta ga kowa ko sau nawa ya sauya. A ranar 1 ga Yulin 2021 kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu. A takarda kuɗin talla ne. A zahiri attajiran kowace jami'a suka kafa asusu, aka shiga biyan yara. Ƙari a kan wannan, kakar 2020 ba a ƙirga ta ga kowa ba saboda korona, don haka a 2024 akwai 'yan wasa masu shekara biyar da shida a jami'a, ƙarti masu shekara 23 da 24 da suka buga wasa arba'in ko fiye.

Cignetti ya karanta wannan kasuwa da kyau. Bai zo shi kaɗai ba, ƙaura ya yi da gidansa. Ya taho da Mike Shanahan mai tsara hari, da Bryant Haines mai tsara tsaro, mutanen da suka daɗe suna aiki tare da shi, da mai kula da kwatabak, da mai kula da ɗaga ƙarfe. Sannan 'yan wasa 13 suka biyo shi daga James Madison, cikinsu har da Elijah Sarratt mai cafe ƙwallo, da Aiden Fisher da Mikail Kamara da D'Angelo Ponds a ɓangaren tsaro. A jimlace kusan mutum 30 suka shigo ta ƙofar sauya sheƙa. Ka yi tunanin amfanin wannan: ranar farko ta atisaye, a kusan kowane ɗaki akwai wanda ya riga ya san kalmomin sirri na kiran wasa, ya san abin da mai gida ke so da abin da ke ɓata masa rai. Koci ba sai ya yi ta wa'azi kan sabuwar ɗabi'a ba, waɗanda suka zo da shi suna nunawa a aikace, sauran suna kwaikwayo.

Ƙa'idarsa ta zaɓen mutum ita ce abin da ka riga ka yi ya fi abin da ake zaton za ka iya. A Amurka akwai shafukan da ke ba 'yan sakandare taurari, daga biyu zuwa biyar, kuma kociyoyi da yawa idan suka shiga rajista sukan nemi yaron da ya taɓa samun taurari biyar amma yana zaman benci a wata babbar jami'a. Cignetti bai damu da wannan ba. Ya fi son wanda ya yi shekara biyu ko uku yana buga wasa kowace Asabar a ƙaramar makaranta, wanda akwai faifan bidiyonsa a gani. Misali mafi kyau shi ne madugun da ya ɗauko, Kurtis Rourke, ɗan Kanada daga Jami'ar Ohio, wadda ba ita ce Ohio State ba, ƙarama ce a wani rukuni na daban. Rourke ya taɓa zama gwarzon rukuninsa a 2022, ya ji rauni a gwiwa, manyan makarantu ba su yi rububinsa ba. A Indiana ya jefa ƙwallon da ta kai ga maki shida sau 29, sau biyar kacal abokan hamayya suka cafe masa. Bayan an gama kaka aka bayyana cewa da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa ya buga ta gaba ɗaya.

Duk da haka, da 'yan jarida suka yi hasashen farkon kaka, na 17 cikin 18 suka ajiye Indiana.

Wasannin farko ba su sauya ra'ayin kowa ba. An doke FIU 31 da 7, an yi wa Western Illinois 77 da 3, wanda ya zama maki mafi yawa a tarihin makarantar, amma kowa ya san waɗannan ƙananan ƙungiyoyi ne da ake biya su zo a doke su. Ranar 14 ga Satumba ce aka fara ɗaga gira, da suka je Kalifoniya suka casa UCLA 42 da 13 a filin Rose Bowl. Charlotte, Maryland, Northwestern duk suka bi layi. Sai Nebraska ta zo a ranar 19 ga Oktoba da nasara biyar cikin wasa shida da kuma tsaron da ake yabo, aka tashi 56 da 7. A wasan ne Rourke ya ji ciwo a babban yatsa har aka yi masa aiki, mataimakinsa Tayven Jackson ya ja ragamar a mako na gaba suka doke Washington 31 da 17, ranar da shirin College GameDay na ESPN ya kafa dandalinsa a Bloomington. A wasa na tara, gidan Michigan State, shi ne karo na farko a kakar da aka sha gabansu. Aka yi musu 10 da nema, suka rama da maki 47 a jere.

Wasan Michigan na 9 ga Nuwamba shi ya fara nuna inda rigar ta yage. Sun tafi hutun rabin lokaci da 17 da 3, da aka dawo masu harin suka kasa motsi, manyan ƙartin layin gaba na Michigan, wato masu turereniya a sahun farko, suka danne su. Tsaro ne ya cece su, 20 da 15. Nasara goma a jere, karo na farko a tarihi. Mako guda bayan haka jami'ar ta yage tsohon kwantiragi na kimanin dala miliyan 4 da rabi a shekara, ta rubuta sabo na shekara takwas a kan kimanin miliyan 8, tun kafin wasu su zo zawarci.

Daga nan aka shiga gardamar da ta mamaye sauran kakar: wa suka doka?

Masu wannan tambaya suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu rowar gaskiya ba. A rukuni mai ƙungiya 18 da wasa tara na cikin gida, ba kowa ke haɗuwa da kowa ba. Indiana ba ta haɗu da Oregon ba, wadda ta ɗauki kambun rukunin, ba ta haɗu da Penn State ba. Akwai wasa da Louisville a jadawali, jami'ar ta biya aka soke shi tun kafin Cignetti ya zo. Michigan da Washington, waɗanda suka buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa a kakar da ta gabata, sunaye ne kawai suka rage: kociyoyinsu sun tafi, manyan 'yan wasansu sun tafi. Abin ban sha'awa, huɗu daga cikin waɗanda Indiana ta doka, wato UCLA da Washington da Michigan State da Michigan, su ma sababbin kociyoyi ne ke riƙe da su a shekarar. Zuwa lokacin da kwamiti mai mutum 13 ya zauna zaɓen ƙungiyoyi 12, Michigan ce kaɗai cikin waɗanda ta doka take da nasara fiye da kashi. Magoya bayan Alabama, mai kashi uku amma a rukunin SEC mai zafi, suka ce da su aka ba wannan jadawali da sun yi abin da ya fi haka.

Ranar 23 ga Nuwamba ta ƙara musu ƙarfi. Indiana ta je Columbus, gidan Ohio State, tana ta biyar a ƙasa, Ohio State tana ta biyu. Ita ta fara cin maki bakwai, daga nan komai ya watse. Mai bugun sallama, wato mai buga wa abokan hamayya ƙwallo da nisa idan hari ya gaza, ya saki ƙwallo daga hannunsa kusa da gidansu, Ohio State ta ci. Da aka dawo hutu Caleb Downs ya karɓi wani bugun ya gudu da shi yadi 79 har gida. Layin da ke kare Rourke ya kasa jin kiran wasa cikin hayaniyar mutum dubu ɗari, aka yi ta kayar da shi. Aka tashi 38 da 15. Da aka tambayi Cignetti ko har yanzu yana ganin sun cancanci shiga takarar kofi, sai ya ce wai da gaske ake wannan tambayar, ba zai ma amsa ba. Mako na gaba suka huce a kan maƙwabciyarsu kuma abokiyar gabarsu Purdue, 66 da nema, washegari Purdue ta kori kocinta.

Kwamiti ya saka su a matsayi na goma. Wannan ma sa'ar zamani ce, domin daga 2014 zuwa 2023 ƙungiya huɗu kawai ake ɗauka, kuma a wancan tsari da ko sunansu ba za a ambata ba. Ranar Juma'a 20 ga Disamba, cikin sanyin South Bend, garin Notre Dame, suka buɗe sabon tsarin sili-ɗaya-ƙwale da Notre Dame, wadda ita ma a jihar Indiana take. Tun a zangon farko aka cafe wa Rourke ƙwallo dab da gidan Notre Dame, tashi na gaba Jeremiyah Love ya gudu yadi 98. An kai 27 da 3 kafin su ci maki 14 a 'yan mintunan ƙarshe, aka tashi 27 da 17, sakamakon da ya fi wasan kyau. Mutumin da ya yi shekara yana magana da ƙarfin hali ya zaɓi bugun sallama a zango na huɗu ana binsa maki 17, aka kuwa yi masa ca a kai, kuma a ganina ya cancanci sukar.

To a ina gaskiya take? Ni dai ina ganin masu suka sun yi daidai a bayanin jadawali, sun yi kuskure a hukuncin da suka ɗora a kai. Jadawali mai sauƙi yana iya ba ka nasara, ba ya ba ka tazara. Cikin nasarori 11, goma an ci su da ratar maki 14 ko fiye. Ƙungiyar tana cin sama da maki 40 a kowane wasa a matsakaici, kuma babu wadda ta kai ta hana abokan hamayya gudu da ƙwallo a duk babban aji. Ƙungiyar da sa'a ke ɗauka takan tsira da maki uku nan, maki ɗaya can. Ita wannan dukan kawo wuƙa take yi wa irin ƙungiyoyin da shekara ɗaya baya su ke dukanta. Sannan abin da ya biyo baya ya ƙara haske. Ƙungiyoyi biyun da suka doke ta, dukansu a gidajensu, su ne suka haɗu a wasan ƙarshe a Janairun 2025, Ohio State ta ci 34 da 23. Duk baƙin da suka je wasan zagayen farko sun sha kashi da tazara, har Tennessee ta SEC da Ohio State ta yi wa 42 da 17. Alabama kuwa da ake cewa an zalunta, ta je wasan ƙarshen kaka Michigan ta doke ta 19 da 13, Michigan ɗin da Indiana ta doka. Hukuncin adalci shi ne Indiana ta 2024 ta fi matsakaita nesa ba kusa ba, amma ba ta kai manyan ƙarshe ba, kuma wurin da ta gaza a fili yake: girman jiki da ƙarfi a layin gaba, abin da ya fi komai wuyar saye a kasuwar sauya sheƙa.

Kada kuma a ɗauka buɗe wannan ƙofa kawai ya isa. Shekara ɗaya kafin nan koci Deion Sanders ya yi irin wannan ƙaura zuwa Colorado, har ma ta fi girma. Ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya cikin 12, ya gaya wa yaran da ya samu su nemi wani wuri domin yana tafe da kayansa, ya kawo ɗansa Shedeur, wanda kwatabak ne, da Travis Hunter daga Jackson State. Suka ci wasa uku na farko, har da TCU 45 da 42, duniya ta ɗauka. Suka ƙare da nasara huɗu kashi takwas, an kayar da Shedeur fiye da sau 50 saboda babu masu kare shi. Sai a shekara ta biyu suka kai nasara tara. Kalen DeBoer kuwa ya gaji Saban a Alabama a 2024 da gida cike da taurari, ya sha kashi huɗu, har da na Vanderbilt. Kayan aiki iri ɗaya ne a gaban kowa. Sanders ya sayi fitilu ya manta da ginshiƙi. Cignetti ya sayi mutanen da suka saba aiki tare, waɗanda babu mai neman hotonsu, ya kuma riƙe waɗanda ya ga suna da amfani cikin yaran da ya gada, irin su Omar Cooper, maimakon ya share gida baki ɗaya. An san shi da gajeren atisaye da ƙin ɓata lokaci, abin da ya dace da tawagar manya da ba sa buƙatar a koya musu daga baƙi.

Akwai wanda ke biyan kuɗin wannan tsari, ba shakka. Duk lokacin da koci ya tashi daga ƙaramar makaranta da mutum 13 da rabin mataimaka, wani ne aka bar wa kango. James Madison ta yi sa'a ta farfaɗo da nasara tara a 2024 a hannun Bob Chesney, amma ba kowace makaranta ke samun haka ba. Ƙananan rukunai sun koma gonar da manya ke girbe. Yaran da aka ce musu su nemi wani wuri kuma, ba duka ke samun wurin ba. Sannan haƙurin da ake yi wa sababbin kociyoyi ya ƙare, domin kowane shugaban wasanni na jami'a yanzu yana da amsa a baki idan koci ya roƙi lokaci: ai mutumin Indiana bai nemi shekara huɗu ba.

Tambayar da ta rage a ƙarshen 2024 ita ce ko abin zai maimaitu bayan Rourke da sauran 'yan shekarar korona sun tafi, jadawali kuma ya yi tsauri. Cignetti ya koma kasuwa ya ɗauko sabon madugu, Fernando Mendoza, daga Jami'ar Kalifoniya, ya ƙara nauyi a layin gaba, ya riƙe Shanahan da Haines da ƙarin albashi. A 2025 suka je gidan Oregon suka ci 30 da 20, suka doke Ohio State 13 da 10 a wasan ƙarshe na Big Ten, Mendoza ya zama ɗan Indiana na farko da ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara. A Janairun 2026 suka yi wa Alabama 38 da 3 a Rose Bowl, suka sake doke Oregon, suka doke Miami 27 da 21 suka ɗauki kofin ƙasa da nasara 16 babu kashi ko ɗaya. Fisher da Kamara da Ponds da Sarratt, yaran da suka biyo shi daga James Madison, duk suna cikin fili a daren.